Babban dila ko ƙaramin shago: ina kayan ƙarin ƙarfin mota suka fi sauƙi a Sakkwato?

Fulogi huɗu na Corolla, lamba ɗaya, kwali iri ɗaya. Ka taya a babban shagon dila a faɗa maka kuɗi, ka taka zuwa wani ɗan shago a layin kanikawa a faɗa maka abin da bai kai rabin na farko ba. Washegari ka fito neman shokozoba, sai lissafin ya juye: dilan ya ce sai dai ka ɗauki saiti huɗu cif, mai ƙaramin shago kuma ya sayar maka da biyun gaba, ya ƙara da cewa in ba su zauna ba a dawo masa da su. Wannan bambanci shi ne abin dubawa a nan, domin a cinikin kayan mota kuɗin da aka fara faɗa ba shi ne kuɗin da za ka kashe ba.

Sai mu fara daidaita abin da ake nufi da kayan ƙarin ƙarfi. A Turai da Amurka kalmar tana nufin kayan gudu da tsere. A Sakkwato abokan gaban mota uku ne: zafi, ƙura da lodi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce maki 40, hunturu ya zo da ƙurarsa mai laushi kamar gari, ga Golf da Sharan da Hiace masu bin hanyar Illela ko Gusau ko Birnin Kebbi da kaya har saman rufi. Don haka kayan ƙarin ƙarfi a nan su ne fulogin iridiyam, shokozoba mai gas, fad ɗin birki mai jure zafi, lagireto mai kyau, da tayar da za ta ɗauki nauyi a kan kwalta mai zafi. A kansu ne manyan diloli da ƙananan shaguna ke gogayya.

Babban dila yana sayen kaya katan-katan daga tushe: sababbi daga kasuwar ASPAMDA da ke Legas ko daga Nnewi da Onica, na Beljiyam kuma daga Ladipo. Tsakanin Legas da Sakkwato kimanin kilomita 1,000 ne, kuma kuɗin mota da aka raba a kan katan ɗari ba daidai yake da wanda aka ɗora wa katan biyu ba. Mai ƙaramin shago yakan yi sari ne a Ƙofar Ruwa a Kano, ko ma a hannun wannan dilan da yake gogayya da shi. To idan haka ne, ta yaya zai karya farashin wanda ya saya a wurinsa? Hanyoyin uku ne kawai. Ko dai ya rage ribarsa saboda hayarsa da yaransa ba su da yawa, ko kayan tsohon zubi ne da ya saya kafin kuɗi su tashi, ko kuma ba kayan ba ne, kamarsu ce. Biyun farko alheri ne ga mai saye. Na ukun shi ne ke kashe inji.

Maganar tsohon zubi ta ƙara nauyi tun 2023, lokacin da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu aka kuma saki naira a watan Yuni. Daga nan manyan diloli suka koma sanya farashi bisa abin da za su biya in za su sake sayo kayan, ba bisa abin da suka saya ba. Kira ɗaya daga Legas ya isa a sauya kuɗi kafin azahar. Ƙaramin shago ba ya saurin juyawa haka, shi ya sa har yanzu akan tarar da gangariyar kaya a can saman kanta, kwalin ya sha ƙura, kuɗinsa kuma na baya ne. Amma wannan yanayin ya tura wasu ƙananan shaguna ga kaya masu rauni, don jarin da ke sayen kwali goma a da yanzu ba ya sayen biyar. Shagon da ka sani da kaya mai kyau shekara uku da suka wuce, sake duba shi.

A kan fulogi babban dila ya fi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Injin 1ZZ na Corolla 2003 zuwa 2008 yana cin Denso SK16R11 in iridiyam ake so, ko K16R-U11 in na talaka ne. Injin 2AZ na Camry mai lita 2.4 yana cin SK20R11. Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai injin 2ZR tana cin SC20HR11, wanda ya fi tsawo ya kuma fi siranta, ba ya shiga madadin waɗancan. Lamba 11 da ke ƙarshe ita ce tazarar bakin fulogin, milimita 1.1, an saita ta tun daga kamfani, kada bakanike ya ƙwanƙwasa ta a kan bamba wai yana gyarawa. Abin da ya sa iridiyam ke da tsada shi ne ɗan tsinken ƙarfen iridiyam da ke tsakiya, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba: 0.7 a jerin SK na Denso, 0.6 a Iridium IX na NGK. Kawo shi kusa da ido. Na gaskiya za ka ga tsinken siriri, da ɗan zoben walda mai tsafta a gindinsa. Rubutun jikin farin tangaran ba ya gogewa da farce, wasan ƙarfen da ke ƙasan zaren kuma ba ya zamewa ya faɗo da kansa. Jabu yana da tsinke mai kauri da aka fiƙe aka shafa masa launi. Makonni kaɗan zai yi lafiya, sannan bakin ya cinye, tazara ta buɗe, kwayil ya riƙa wahalar tura wuta har ya ƙone. Man da bai ƙone ba kuma ya gangara salansa ya narkar da abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. Idan ƙaramin shago ya ba ka iridiyam a kuɗin da ya yi kusa da na fulogin talaka, ka karɓi na talakan na gaskiya; zai yi maka aiki lafiya, sai dai ka riƙa sauya shi da wuri.

Haka batun yake a kan filtar mai da baƙin mai. Filtar Toyota ta gaskiya, irin 90915-YZZF2 ta Corolla, tana da ɗan bawul na roba da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe mota. Jabu ba shi da wannan, ko yana da shi amma ya bushe, shi ya sa za ka ji inji yana ƙara na daƙiƙa biyu ko uku da safe kafin mai ya hau. Ba a ganin cikin filta a shago, don haka amana kawai ake saye, kuma dilan da ke karɓar kaya kai tsaye ya fi kusa da amanar. Baƙin mai ma galan mai hatimi za ka nema, ba na durom da ake aunawa a gora ba. Wani abin da ke damuna shi ne yadda ake zuba mai kauri, 20W-50, a kowace mota da hujjar zafin Sakkwato, alhali littafin waɗannan injinan masu VVT-i, wato na'urar da ke daidaita lokacin buɗe bawul, ya ce siririn mai irin 5W-30, kuma ƙofofin man da ke sarrafa wannan na'urar ƙanana ne. Ƙananan shaguna sun fi ajiye mai kaurin saboda shi ake nema. Siririn sai a wurin dila.

Akwai kaya guda da ba na ba da shawarar sayensa a ko'ina cikin biyun: filtar iska ta tsere, irin mai jan auduga da ake shafa wa mai, wadda kamfanin K&N ya yi suna da ita, balle kwaikwayonta mai kamar mazurari da ake rataye wa a gaban shaguna. Tana barin iska ta wuce sosai domin ramukanta sun fi faɗi, kuma inda iska ta wuce da sauƙi ƙurar hunturu ma za ta bi. Man da aka shafa mata yakan ɓata na'urar auna iska da ke bayan gidan filta, mota ta fara shan mai tana shessheƙa. Ta mazurarin kuma a buɗe take cikin bonet, iska mai zafi take zuƙa. Filtar takarda mai kyau, wadda robar gefenta ta zauna ɗam a gidanta, ta fi ta a garin nan. A lokacin ƙura a duba ta duk wata, kuma kada a hura ta da iskar falkanesa mai ƙarfi, takardar na yagewa ba tare da an gani ba.

Yanzu ga inda ƙaramin shago ya yi zarra: kayan ƙafa. Matsalar shokozoba ba ta tsaya a kan inganci ba, akwai dacewa. Corolla ta shekara ɗaya tana iya zama 'yar Amurka, 'yar Turai ko 'yar Japan, kuma ƙafafunsu ba lallai su zo ɗaya ba. Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 ita ke faɗa: in ta fara da J Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, SB1 Ingila, NMT Turkiyya. Yaron babban shago sau da yawa sunan mota da shekara kawai zai tambaya, ya ɗauko, ya rubuta rasit mai ɗauke da gargaɗin cewa ba a mayar da kayan da aka saya. Mai ƙaramin shago kuwa zai ce, "Maigida, a kwance tsohon a kawo mu gwada." Ya jera su a ƙasa, tsohon da sabon, ya duba ramukan noti, da kujerar sifirin, da ɗan kunnen da ke riƙe tiyon birki. Sau da yawa shagon yana da taku kaɗan daga garejin, ko a Sahara ko a Buzaye, in abu bai zauna ba cikin minti goma an sauya. Wannan hidima kuɗi ce, ko da ba a rubuta ta a rasit ba.

Ga mai neman mota ta tsaya da ƙafarta ƙarƙashin lodi, KYB Excel-G ita ce madadin ta kamfani mai gas, Gas-a-Just kuma ta fi tauri ga motocin da aka yi musu ita. Sunan KYB yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, don haka a duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta zo daidai da ta kwali. A nan ne ma kayan Beljiyam ke da hujja: shokozobar kamfani da aka ciro daga motar da ba ta sha wuya ba takan fi sabuwar jabu daɗewa, kuma ƙananan shaguna ne ke da su. Gwajinta a hannu ake yi. Tsayar da ita, danna sandar har ƙasa, ka saki. Mai gas za ta taso da kanta a hankali ba tsayawa. In ka ji wani wuri da ta zurma babu tirjiya, ko ka ga danshin mai a wuyanta, ko tsatsa da karce a jikin sandar, ajiye ta. Biyu-biyu ake sauyawa, hagu da dama, domin sabuwa a gefe guda da tsohuwa a ɗaya gefen na sa mota ta karkata a birki. Wajen ɗaurawa kada a kama sandar da filaya, karcen nan shi ke yanka robar da ke riƙe mai. Notin da ke ratsa bushin kuma sai an sauke mota ƙasa ake ƙarasa ɗaure shi, in ba haka ba robar tana murɗe ta yage da wuri. Bayan an gama a je saitin ƙafafu, ko a rasa tayoyin gaba cikin wata biyu.

Birki ya rabu gida biyu. Fad ɗin kirki yana da haruffa biyu a gefensa ko bayansa, irin EE, FF ko GG; na farko ƙarfin kamunsa ne yana da sanyi, na biyu kuma in ya yi zafi. Ga motar haya mai lodi FF ko sama ya dace, fad ɗin da ka ga FE kuma yana nufin kamunsa na raguwa in ya ɗau zafi. Na Turai sukan ɗauki alamar inganci ta R90. Ƙananan shaguna suna da fad kala uku ko huɗu na mota ɗaya, kuma mai gaskiya a cikinsu zai jera maka su ya ce wannan na kamfani ne, wannan mai bi masa, wannan kuma na lallaɓawa. Wannan zaɓin yana da amfani ga mai ƙaramin ƙarfi, in dai an faɗa masa gaskiya. Man birki kuwa a saye shi inda kaya ke saurin fita. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da maki 205, DOT 4 kuma 230, amma man yana shan danshin iska, in ya jiƙa ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Gwangwanin da aka buɗe aka ɗiba aka mayar kan kanta ya riga ya fara lalacewa. In ya tafasa a layin birki, feda ce za ta tafi ƙasa babu kamu.

Kan lagireto magana ɗaya ce mai muhimmanci. Ana tallar murfi mai lambar matsi 1.3 a matsayin maganin zafi, alhali yawancin waɗannan motoci 0.9 ko 1.1 aka yi musu. Ƙarin matsi yana ɗaga ma'aunin tafasar ruwa, haka ne, amma tsohon lagireto mai kan roba da tsofaffin tiyo ba sa ɗaukarsa, sai su tsage. A sayi lambar da ke kan murfin asali. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, da ake yi kamar al'ada, ba ya warkar da lagireton da ya toshe da ruwan rijiya. Ɓoye cutar kawai yake yi, ya ƙara shan mai. Tamostat na maki 82 da ruwan kulan na gaskiya sun fi araha a wurin dila.

Taya ma ta dila ce, saboda kwanan wata. Lambobi huɗu na ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2324 na nufin mako na 23 a 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma tayar da ta yi shekara biyu a jingine a rana gaban shago ta ci rabin wannan wa'adin ba ta taɓa kwalta ba. A duba ma'aunin nauyi da gudu, misali 91H na nufin kilo 615 a kowace taya da gudun kilomita 210 a awa, sannan a nemi harafin A ko B a wurin jure zafi, a bar C. Rim ɗin ado kuma ƙananan shaguna sun fi yawan zaɓi da sauƙin ciniki, sai dai a auna: Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 ramukan noti biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 100 da ramin tsakiya milimita 54.1, Camry biyar a kan 114.3 da 60.1. Rim mai faɗin ramin tsakiya in ba a sa masa zobe ba sitiyari zai riƙa rawa a kan gudu.

Sai abin da ba a cika faɗa ba, wato la'adar bakanike. A shaguna da yawa, manya da ƙanana, in bakanike ya kawo ciniki akwai ɗan abin da ake ajiye masa, kuma daga aljihun mai mota yake fita. Ba laifi ba ne a biya mutum ladan sanin kaya da zirga-zirgarsa. Matsalar ita ce in la'adar ce ke zaɓen kayan, domin jabu ya fi barin sarari a tsakanin kuɗin saye da na sayarwa. Maganinta a fili yake: ku tafi tare, shi ya duba dacewa, kai ka yi ciniki ka biya, sannan ka ba shi hasafinsa a hannu. A rasit kuma a rubuta sunan kamfani da lambar kayan, ba "fulogi 4" kawai ba. Da irin wannan rasit ne za ka iya komawa shago da ƙarfin gwiwa, da shi ne kuma hukumar kula da ingancin kaya, SON, ko ta kare masu saye, FCCPC, za su iya sauraren ƙorafi.

Kwatanta farashi yana da tsari. Ka taya lamba ɗaya a shaguna uku, ba sunan mota ba. A ɗauka dila ya ce 100, shago na biyu ya ce 90, na uku ya ce 45. Na biyun yana iya zama ƙarancin haya ko tsohon zubi, ya cancanci a duba kayansa. Na ukun ba ragi ba ne, wani kayan ne daban. Sannan ka haɗa da kuɗin aiki: shokozobar da za a ɗaura sau biyu a shekara ta ci kuɗin bakanike sau biyu, da saitin ƙafafu sau biyu, da kwana biyu da motar haya ba ta fita ba. Babban dila ba ya cika yin ragi a kan guda ɗaya, amma yana sassautawa in an haɗa saye, shi ya sa direbobin tasha ɗaya da suka haɗa kuɗi suka ɗauki katan na filta da fulogi suke samun kuɗin sari. Ƙaramin shago kuma yana da abin da dila ba ya yi wa baƙo: ya ba direban da ya sani kaya da safe, a biya bayan an dawo daga lodi.

A taƙaice dai ga rabon da ya fi dacewa da aljihu a garin nan. Duk abin da ke cikin hatimi, wanda ba a iya gane cikinsa da ido kuma yake lalacewa da ajiya, wato fulogi, filtar mai, baƙin mai, man birki, ruwan kulan da taya, a nufi babban dila, a biya ƙarin in akwai. Duk abin da sai an gwada shi da tsohon, wato shokozoba, sifirin, bushin, rim da kayan Beljiyam, a nufi ƙaramin shagon da ke kusa da gareji, bayan an yi magana a fili kan mayarwa tun kafin kuɗi su fita. Kayan wuta irin kwayil da na'urorin auna iska kusan babu mai karɓarsu in an ɗaura, don haka a zo da motar ƙofar shagon, a jona, a tayar da inji a gaban mai kayan, sannan a biya.